A taimaki masu shan taba tun suna kan gadon asibiti

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da likitocinmu da nas-nas.

Watan jiya na yi jinyar yayana kwana 11 a wani asibitin gwamnati, ciwon ƙirji ne da tari, kuma mutum ne da ya fi shekara 20 yana zuƙar sigari. Ranar da aka ba shi gado likita ya tambaye shi ko yana shan taba ya ce eh, sai kawai aka ce masa to ka daina, shikenan fa, har aka sallame mu ba wanda ya sake tada maganar. Ni kuwa da nake kwana a gefensa na ga abin da ya sha, kwana uku na farko ba barci, ga ciwon kai ga faɗa da kowa, har cewa ya yi in je bakin get wajen mai tebur in sayo masa kara ɗaya, na ƙi, muka yi ta rigima, ashe wani abokinsa da ya zo dubiya ya riga ya sunna masa a aljihu. Wallahi abin ya min ciwo.

Mutane na ɗauka taurin kai ne, alhali nikotin ɗin da ke cikin tabar ne ya kama jiki, kuma wahalar ta fi tsanani a satin farko, bayan sati biyu zuwa huɗu tana sauƙi. To ai ka ga lokacin da mutum ke kwance ne ya fi dacewa a kama masa, tunda ya tsorata da jikinsa kuma dokar taba ta 2015 dama ta hana sha a asibiti. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, amma mu ko sunansu ba a ambata mana ba, sai daga baya wani mai kemis ya nuna min.

Roƙona a nan, a riƙa rubutawa a katin mara lafiya cewa yana shan taba kamar yadda ake rubuta hawan jini, nas ta zauna da shi ko na minti biyar ne, musamman masu tarin fuka da waɗanda za a yi wa tiyata don taba na hana ɗinki warkewa da wuri. In an sallame shi kuma a riƙa bugo waya har wata guda, don majalisar mai shayi na nan tana jiransa. Mu 'yan dubiya ma mu ji tsoron Allah.

Yayana dai yau kwanansa 34 bai sha ba, asuwaki ne kullum a bakinsa, ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya