Gadon dako na katako a kan bishiya: jan kunne ga 'yan uwa masu farautar barewa a Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na san wani zai ce ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi da farautar Amurka, to akwai ruwansa, don waɗanda nake magana a kansu 'ya'yanku ne da ƙannenku da ke zaune nan, kuma bidiyon abin da suke yi yana isowa har wayoyin maharbanmu na gida.

Ni mazaunin jihar Michigan ne, aikin kafinta nake yi. Cikin 'yan shekarun nan matasanmu da dama sun shiga farautar barewa, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, nama ne mai kyau, mutum ya yi bisimilla ya harba da hannunsa ya san abin da ya kai wa iyalinsa, babba guda ɗaya za ta cika firiza a ci har a ba maƙwabta. Barewar nan mai farar wutsiya ta yi yawa a ƙasar, ana ƙiyasta ta kai miliyan 30, alhali a farkon shekarun 1900 saura ƙiris ta ƙare saboda harbin da ake mata ba ƙa'ida. Doka ce ta dawo da ita, musamman dokar 1937 wadda ta sa harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. Yanzu hukuma da kanta take so a rage ta saboda haɗarin mota da ɓarnar gona. Don haka farauta a nan abu ne na lasisi da lokaci, a Michigan na kwari da baka yana buɗewa 1 ga Oktoba, na bindiga kuma 15 zuwa 30 ga Nuwamba, kuma yawanci sai ka yi ajin koyon farauta kafin a ba ka lasisin.

Yadda ake yin ta shi ne dako. Ba a bin dabba da karnuka da kiɗa irin na gida, mutum zai hau bishiya tun kafin asuba ya zauna a kan wani ɗan gado da aka kafa a sama, tsayin ƙafa 15 zuwa 20, ya yi shiru yana jira. Dalilin hawan kuwa barewa hancinta ya fi idonta, idan kana sama iska na ɗauke warin jikinka ta bi da shi ta kanta, kana hango nesa, sannan harsashi idan ya kuskure ƙasa zai nufa ba gidan mutane ba. Dabara ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne gadon kansa.

Ana sayar da na ƙarfe a shago, akwai mai tsani, akwai wanda ake ɗaurawa a jikin bishiya da sarƙa ko bel, akwai wanda mutum ke hawa da shi yana ja sama a hankali. Amma mu mutanenmu akwai son sauƙi, kuma kowa gani yake ai guduma da ƙusa ba sai an je makaranta ba, sai ka ga mutum ya tattaro guntayen katakon da suka rage a wurin gini, ya sami bishiya mai rassa biyu ko uku, ya buga falanki a tsakani, ya buga gajerun katakai a jikin bishiyar su zama matakala, ya ɗauki hoto ya turo yana murna wai ya huta da kashe dala. Da yake sun san sana'ata ni suke kira in duba musu, kuma wallahi abin da nake gani yana tayar min da hankali.

Bari in faɗi abin da na sani a matsayin mai aikin katako. Ƙusa tana riƙe abu ne idan abin a tsaye yake wuri ɗaya, kamar bangon ɗaki. Bishiya kuwa rayayya ce, kullum iska na kaɗa ta, reshen nan ya yi gabas wancan ya yi yamma, kowane motsi yana zare ƙusar kaɗan kaɗan ba tare da ido ya gani ba. Sannan tana girma, duk shekara tana ƙara kauri tana turo katakon waje, ƙusar kuma tana nan inda take, wata rana sai kan ƙusar ya ɓula ta cikin katakon da ya riga ya yi laushi. Ga ruwan sama, ga dusar ƙanƙara da ke kwanciya a kai wata da watanni, ruwa ya shiga ramin ƙusa ya daskare ya buɗa shi, ya narke ya sake daskarewa. Katakon zai ruɓe ne daga ciki, daidai inda ya manne da bishiya inda ba ya bushewa, daga waje kuma fes kamar sabo. Mutumin da ya hau bara lafiya lau shi ne zai zo bana cikin duhun asuba, da kayan sanyi masu nauyi da takalmi mai laka, ya taka matakala ta sama ta zare da shi.

Kuma ba katakon kaɗai ba, ita bishiyar ma sai an san ta. A nan Michigan wani ƙwaro da aka fara ganowa a 2002 kusa da Detroit ya kashe miliyoyin bishiyar da Turawa ke kira ash, har yau dazuzzuka cike suke da matattunsu a tsaye. Lokacin farautar bindiga a Nuwamba ganye ya zube, baƙo ba zai bambance matacciya da rayayya ba, wanda ya taso a Zariya ko Damagaram ya san tsamiya ya san kanya, amma waɗannan itatuwan bai san halinsu ba.

Mutane suna tsoron bindiga a daji, sun manta da tsayi. Likitocin asibitin Jami'ar Jihar Ohio sun wallafa wani bincike a 2010 a kan mafarautan da aka kawo musu da rauni cikin shekara goma, rabinsu faɗowa suka yi, kusan dukkansu daga bishiya, waɗanda harbi ya samu kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Faɗowa daga ƙafa 20 ba targaɗe ba ne, karayar ƙashin baya ce, lakar mutum ta taɓu ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, ko ya bugu a ka. Kuma yawanci mutum shi kaɗai yake, cikin sanyin Nuwamba, wani wurin ko sabis ɗin waya babu, iyali na gida suna zaton yana can yana dako sai bayan magariba hankali ya fara tashi. Ka tuna mafi yawan yaran nan su ne ke riƙe da gidajensu a can gida, kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsohuwa duk daga aljihunsu yake fita, wasu ma inshorar lafiyarsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma kowa ya san tsadar asibitin Amurka.

Akwai kuma maganar doka da wasu ba su sani ba. A dajin gwamnati na Michigan haramun ne ka buga ƙusa ko sukuru ko noti a jikin bishiya, dole gadon ya zama wanda ake cirewa, dole sunanka da adireshinka ko wata lambar shaidarka da hukuma ta amince da ita su kasance a jiki yadda za a iya karantawa daga ƙasa, ba a kafawa kafin 1 ga Satumba kuma a kwashe kafin 1 ga Maris. Jihohi da yawa suna da irin wannan. Baƙo da ke neman takardun zama bai kamata ya jawo wa kansa tara da rubutun jami'in gandun daji a kan guntun katako ba. A gonar wani kuwa ko ya ba ka izinin farauta ka tambaye shi kafin ka taɓa masa bishiya, don ƙusar da ka bari bishiya za ta haɗiye ta, bayan shekaru mai injin yankan itace ya zo ya ci karo da ita sarƙa ta tsinke ko injin ya yi tsalle ya dawo masa a fuska. Wannan haƙƙin mutum ne a wuyanka, kuma ba ka ma san shi ba balle ka nemi gafara.

Ba cewa nake kada kowa ya gina nasa ba, manoman nan da yawa suna ginawa a filayensu kuma yana daɗewa. Amma su nasu a ƙasa yake tsaye. Ana yin tsani mai ƙarfi ko ƙafafu huɗu da za su ɗauki nauyin gaba ɗaya, bishiya jingina ce kawai, a ɗaure da sarƙa ko bel mai ƙarfi wanda za a iya sassautawa duk shekara. Katakon ya zama irin wanda aka jiƙa da maganin hana ruɓewa, ba ragowar na cikin ɗaki ba. A haɗa da noti mai ratsa katako ya fito ta baya a ɗaure da wasa (faifan ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti), notin ya zama irin wanda ba ya tsatsa, kowace matakala ta zauna a kan gurbi ko ɗan katakon da ke tallafe da ita ta ƙasa, kada nauyin mutum ya rataya a kan ƙarfe ɗaya. A sa makari ta kowane gefe, a bar ɗan tsakani a falankin ƙasa ruwa ya riƙa zuba. Kuma tsayi ba gasa ba ne, ƙafa 10 ko 12 a wurin da ke da duhuwa ya isa. Idan ka lissafa kuɗin katako mai kyau da notuna da sarƙa za ka ga sau da yawa ya kai kuɗin na shago ko ya wuce, wanda shi an gwada shi an rubuta nauyin da yake ɗauka a jiki. To ina arhar take?

Ko na shago ne ko na gida, abin da ba na sassauci a kai shi ne ɗamara. Akwai ɗamarar da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, tana zuwa tare da yawancin gadajen shago, mutanenmu sai su bar ta a leda wai tana takura su. Igiya a ƙugu ba ta maye gurbinta, idan ka faɗo da igiya a ƙugu ita za ta matse maka ciki ko ta juya ka kai ƙasa. Kuma a ɗaura tun daga ƙasa, don yawancin faɗuwa wajen hawa da sauka ne da lokacin da mutum ke ƙetarawa daga tsani zuwa gado, shi ya sa ake sa doguwar igiya daga sama har ƙasa mai ƙulli da ke zamewa idan ka tura shi da hannu amma ya cije idan nauyi ya faɗa masa. Ko ɗamarar ta riƙe ka kada ka daɗe a rataye, jini na taruwa a ƙafafu mutum ya suma, akwai ɗan bel da ake takawa a miƙe a rage matsin kafin a koma kan tsani, ya kasance a aljihun da hannu zai kai. Bindiga a cire mata harsashi a jawo ta da igiya bayan an zauna, bakinta na kallon ƙasa, ba a hawa da ita a kafaɗa. Bel ɗin da ya kwana shekara a daji a canza shi, rana na cinye shi kurege ma na gaigaya. Sannan ka gaya wa wani takamaiman inda kake da lokacin da za ka dawo. Duk wanda ya sha maganin mura mai sa barci ko ya kwana yana tuƙin haya, ya haƙura da hawa ranar, barci a kan gadon dako ya jefo mutane da yawa.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma addininmu bai ce a bar sababi ba, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali aka koya mana.

Maharbanmu na gida kuma, na san hawa bishiya a yi dako a bakin ruwa ba sabon abu ba ne a wurinku, kun gada. Roƙona kada yara su ga bidiyon Bature ya buga katako a bishiya su kwaikwaya da falankin kasuwa, don a can ga gara ga damina ga zafin rana, abin da ke shekara uku a nan ba zai kai ko ɗaya ba a can, kuma wanda ya karya baya a dajin Birnin Gwari ko Falgore kafin a ɗauko shi a babur a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, jijjigar hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa lakar. Wanda ya faɗo daga sama ba a naɗe shi a ɗora a babur, ba a ja masa wuya ko a miƙar da shi zaune, a kan ƙofa ko faffaɗan katako ake kwantar da shi a ɗauka a miƙe.

Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zanta da likitan ƙashi da kuma sarkin baka ko shugabannin ƙungiyar maharba a kan wannan, a buga da Hausa yadda kowa zai gane. Shugabannin ƙungiyoyin Hausawa da limamanmu na nan Amurka kuma su yi wa matasa magana tun watan Satumba kafin a shiga daji. Duk ɗan uwan da ke kusa da ni da ya riga ya kafa na katako, ya kira ni mu je tare da rana tsaka mu duba, ba na karɓar ko sisi, in ya ruɓe mu sauke shi mu zare ƙusoshin daga bishiyar.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani kafinta mai karanta jaridarku,
daga jihar Michigan, Amurka.