Bashi ne ya rusa EMI, kuma akwai muryoyinmu a cikin kayan da aka raba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ku da aiki, ku da dukkan ma'aikatanku. Na karanta sharhin da kuka buga a shafin nishaɗi kan tarihin kamfanin faifai na EMI, na kuma ji daɗi ƙwarai da jaridar Hausa ta waiwayi irin wannan batu, domin da yawa daga cikin yaranmu masu sauraron waƙa a waya ba su san an yi zamanin da sai an wana garmaho an ɗora allura kafin a ji murya ba. Sai dai akwai inda ban yarda da marubucin ba, akwai kuma inda ya tsallake, kuma tsallaken ya fi damuna. Cewa ya yi intanet ce ta kashe EMI. A iya bibiyar da na yi wa labarin kamfanin nan, bashi ne ya kayar da shi, bashin da wasu suka ciyo don su saye shi, suka kuma rubuta da sunansa.

EMI ya ga masifun da suka fi intanet tun kafin a haifi kakannin masu intanet ɗin. Asalinsa Gramophone Company ne, wanda aka kafa a Landan a 1898 don sayar da na'urar da Emile Berliner ya ƙirƙiro. A 1899 suka sayi zanen Francis Barraud na karen nan mai suna Nipper da ya kasa kunne a bakin ƙahon garmaho, zanen da ya zama tambarin His Master's Voice. Duk gidan da aka taɓa ajiye garmaho a ƙasar nan an san karen. Tun farko mutanen kamfanin sun gane cewa ba mai sayen na'ura in ba zai ji harshensa da kiɗan garinsu a cikinta ba. Shi ya sa suka tura Fred Gaisberg yawon duniya da kayan ɗaukar murya. A 1902 kaɗai ya ɗauki muryar mawaƙi Enrico Caruso a Milan, ya kuma isa Kalkata ta Indiya ya ɗauki ta mawaƙiya Gauhar Jaan. Zuwa 1908 sun riga sun kafa masana'antar buga faifai a Kalkata.

Wannan dabarar ce ta kawo su kanmu. Daga 1927, a ƙarƙashin tambarinsu na Zonophone, sun ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, suka buga faya-fayan suka turo kasuwannin nan. An yi da Yarbanci, da Fanti, da Ga, da Twi, da Wolof, an kuma yi da Hausa. Faifan wancan zamani minti uku ko sama da haka kaɗan yake ɗauka a kowane gefe, kuma in ya faɗi ƙasa ya fashe ke nan. Ku duba yadda mai waƙa da ya saba jan baiti har tsakar dare zai matse abin da ke bakinsa a minti uku a gaban Baturen da ba ya jin ko kalma ɗaya. Duk da haka an ɗauka, kuma waɗannan na cikin tsofaffin muryoyin Hausa da aka taɓa sayarwa a faifai. Sharhinku bai ce uffan a kansu ba.

Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, cinikin faifai ya faɗi warwas, ga kuma rediyo tana ba mutane kiɗa kyauta. Mafitar da aka samo ita ce Gramophone ya haɗe da babban abokin hamayyarsa, Columbia Graphophone, a 1931, aka raɗa wa haɗakar suna Electric and Musical Industries, wato EMI. A shekarar aka buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, a shekarar kuma injiniyansu Alan Blumlein ya yi rajistar fasahar sauti mai fitowa ta ɓangare biyu, wadda har yau ita muke ji a kunnuwanmu. Tsarin talabijin da BBC ta tsaya a kai a 1937 na EMI ne da kamfanin Marconi. A shekarun 1950 kuma kamfanonin Amurka biyu da EMI ke sayar da faya-fayansu a Turai, wato Columbia ta Amurka da RCA, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani kamfanin da nan zai durƙushe. Shugaban EMI Joseph Lockwood sai ya tsallaka Amurka ya sayi Capitol Records a 1955 kan dala miliyan 8.5. Bayan shekara bakwai George Martin na sashen Parlophone ya ɗauki samari huɗu 'yan Liverpool da kamfanin faifai na Decca ya ƙi, wato Beatles. Sauran labarin marubucinku ya ba da shi yadda ya kamata.

Akwai gyara ɗaya da zan yi masa a kan na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ake kira CT scan. Gaskiya ne ma'aikacin EMI ne, Godfrey Hounsfield, ya ƙera ta, an fara gwada ta a kan marar lafiya a asibitin Atkinson Morley da ke Landan a 1971, ya kuma samu kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Amma maganar da ake yawan yi, wadda shi ma ya maimaita, cewa kuɗin Beatles ne kaɗai ya haifi na'urar ba ta cika ba, domin ma'aikatar lafiyar Birtaniya ta zuba nata kuɗin a aikin. Kuma na'urar da ta ceci rayuka masu yawa ita ta jefa kamfanin a rami: manyan kamfanonin kayan asibiti irin su General Electric suka shigo da nasu, ciniki ya ja baya a Amurka, asara ta taru. A 1979 kamfanin kayan lantarki na Thorn ya haɗiye EMI. Ko a hakan ɓangaren waƙa bai mutu ba. A 1992 ya sayi Virgin Records daga hannun Richard Branson kan kusan dala biliyan ɗaya, a 1996 kuma ya rabu da Thorn ya koma cin gashin kansa.

Ban musa cewa intanet ta yi wa kamfanonin faifai illa ba. Tun bayyanar Napster a 1999 mutane suka koma kwafar waƙa kyauta, cinikin CD ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, kuma EMI, da yake shi ne ƙarami a cikin manya huɗu, ya fi jin jiki. Amma intanet ɗin nan ita ce dai Universal da Sony da Warner suka fuskanta, kuma ga su nan da ransu. Abin da ya bambanta EMI shi ne abin da ya same shi a 2007. A shekarar ne kamfanin zuba jari na Terra Firma, ƙarƙashin Guy Hands, ya saye shi kan fam biliyan 4.2 in an haɗa da bashin da ke kansa. Fiye da rabin kuɗin nan rance ne daga bankin Citigroup, kuma a irin wannan ciniki kamfanin da aka saya shi ke biyan rancen da kuɗin ruwansa daga abin da yake samu. Ba a yi nisa ba kasuwannin kuɗi na duniya suka rikice, bankin ya kasa samun waɗanda zai raba wa bashin. Kamar jakin da aka labta wa kayan da suka fi ƙarfinsa ne, da ya gurfana sai aka ce tsufa ne.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. A farkon 2008 aka sanar da sallamar ma'aikata har kusan 2,000. Mawaƙa suka fara tattara nasu ya nasu: Radiohead sun tafi, Rolling Stones sun koma Universal. Mawaƙi ba ya zama inda mai gida ke kallonsa a matsayin lamba a takardar lissafi. Hands ya maka Citigroup a kotu a New York yana cewa an yaudare shi a kan farashi, ya sha kaye a 2010. A watan Fabrairun 2011 bankin ya ƙwace kamfanin, ya rage bashin daga fam biliyan 3.4 zuwa biliyan 1.2. Wannan kaɗai ya isa shaida: da aka sauke kayan, masu saye suka yi layi. Kafin shekarar ta ƙare Universal, wanda a lokacin mallakar Vivendi na Faransa ne, ya amince ya sayi ɓangaren faifai kan fam biliyan 1.2, wasu gungun masu jari da Sony ke jagoranta suka ɗauki ɓangaren haƙƙin rubutattun waƙoƙi kan dala biliyan 2.2. Hukumar Tarayyar Turai ta tilasta wa Universal ya saki wani kaso don kada ya mamaye kasuwa, Warner ya sayi Parlophone a 2013 kan fam miliyan 487, amma Beatles suka zauna a hannun Universal. A 2018, da Sony ya sayi kason abokan cinikinsa, an kimanta ɓangaren haƙƙin waƙoƙin nan a kan dala biliyan 4.75, ya ninka farashin farko har da ɗoriya. Intanet ɗin da aka ce ta yi kisa ita ce ta ɗaga darajar tsofaffin waƙoƙi, domin yanzu duk sanda wani ya danna waƙar 1965 a wayarsa, akwai wanda ake biya.

To, Malam Edita, me aka yi ta cinikinsa da waɗannan biliyoyi? Masana'antar EMI da ke Hayes a yammacin Landan ta daɗe da daina zama abin taƙama, na'urori sun tsufa. Abin da aka saya shi ne uwayen faifai, wato asalin zaren da aka ɗauki murya a kansa, da takardun yarjejeniyar da ke nuna wanda ya mallake su. Duk inda kamfani ya tafi, muryar mawaƙi na biye da shi, ko yana raye ko ya mutu, ko an tambayi iyalansa ko ba a tambaye su ba.

EMI ya yi reshe mai ƙarfi a Najeriya. Yana da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, inda Paul McCartney na Beatles ya zo ya yi aiki a 1973, kuma faya-fayan Fela na farkon shekarun 1970 a ƙarƙashinsa suka fito. Shi da Decca da PolyGram su ne suka riƙe kasuwar faifai a ƙasar nan, kuma makaɗan Arewa, masu kalangu da kuntigi da gurmi da goge, sun shiga faya-fayan irin waɗannan kamfanoni. Sai dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka zo, kaset ya shigo da satar fasaha, naira ta karye daga 1986. Turawan suka tattara suka tafi. EMI na Najeriya ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier, Decca ya koma Afrodisia. Yau in kana neman waƙar wani tsohon makaɗinmu, abin da za ka samu a waya shi ne kwafin da aka ɗauko daga kaset, wanda shi ma daga wani kaset ɗin aka ɗauko shi, ganga ta dushe, amshi ya cakuɗe, ba shekara, ba sunan 'yan amshi, ba kobo da ke isa ga magada. Zaren ɗaukar sauti kuwa ba ya jure zafi da laima, ko a inda ake da kuɗin kula da shi ba a tsira ba: gobarar da ta tashi a harabar Universal Studios a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin uwayen faifai, kuma sai a 2019 jama'a suka ji girman ɓarnar.

Indiya ta nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. Reshen Gramophone na can ya koma hannun 'yan kasuwar ƙasar na rukunin RPG a shekarun 1980, a 2000 aka sake masa suna Saregama. Sun riƙe tsohuwar taskarsu, sun kwafe ta a na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma waƙoƙin finafinan da iyayenmu suka kalla a silima har yanzu suna kawo musu kuɗi. Ba wai makaɗansu sun fi namu ba ne. Sun samu waɗanda suka ɗauki ajiya da muhimmanci.

Don haka ina roƙon ku da ku sa wakilinku na Legas ya je wa magadan waɗannan kamfanoni uku ya tambaye su abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu na makaɗan Arewa, a wane hali yake, da sunan wa aka rubuta shi. A tuntuɓi EMI Archive Trust, gidauniyar da aka kafa a 1996 a Hayes don adana tarihin kamfanin, a nemi jerin faya-fayan Hausa na Zonophone da sunayen waɗanda suka yi su. Haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka a wancan zamani ya daɗe da ƙarewa, saboda haka jami'o'inmu na iya neman kwafi. Universal ma yana da ofis a Legas tun 2018, a 2024 kuma ya sayi kaso mafi rinjaye a kamfanin waƙa na Mavin, ke nan ba nesa yake ba in ana son a yi masa tambaya. A kuma zauna da iyalan makaɗan a ji ko akwai wanda ke riƙe da takardar yarjejeniya, ko wanda ya taɓa karɓar wani abu bayan kuɗin ranar ɗauka. Gidajen rediyonmu na Kaduna da Kano da Sakkwato su ma suna da zarurrukan da suka ɗauka da kansu, a tambaye su ko an kwafe su. Dattawan da suka yi aiki a waɗannan wurare, waɗanda suka san wane zare ne ke cikin wane akwati, shekarunsu sun ja, ya kamata a same su a bana.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum, daga Zariya.