Godiya ga Sashen Kula da Masu Ciwon Zuciya

Assalamu alaikum, likitoci da ma'aikatan jinya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne don yaba wa shirinku na bibiyar masu ciwon zuciya ta manhajar waya, musamman waɗanda zuciyarsu ta yi rauni.

Awon nauyi ne ya fi burge mu. Kun koya wa mara lafiya ya hau sikeli kowace safiya, bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, sannan ya shigar da lambar. Sikelin a daɓe mai tauri ake ajiye shi, don a kan kafet ƙarya yake yi. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa saboda zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata. Sikeli kan gano haka tun kafin takalmi ya matse ƙafa, ko mutum ya fara jera matashin kai uku don ya samu numfashi da dare. Kuma lambar ba ta kwana a kwamfuta. Nas tana dubawa ta kira, likita ya daidaita maganin sa fitsari kafin ruwan ya kai huhu. Manhajar da babu mai duba ta littafin rubutu ce kawai.

Darasin awon hawan jini ma ya yi: a zauna minti 5, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Maɗaurin da ya yi wa dantse kaɗan yakan ɗaga lambar ya tayar da hankali a banza.

Kun fayyace cewa gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani. Kun gargaɗi mutane kan magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, masu riƙe ruwa a jiki, da kuma daina shan magani don an ji sauƙi.

Sai jan rubutun da kuka sa a shafin farko: ciwon ƙirjin da ya ƙi lafawa, suma, ko haki a zaune, ba saƙo ake turawa ba, asibiti ake nufa nan take.

Roƙonmu ɗaya, ku ƙara girman rubutun saboda dattawa.

Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wasu masu jinyar masu ciwon zuciya