Kafin a sauya salansar ƙaramin jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot, musamman waɗanda suka bar batir suka koma injin mai shan methanol, irin O.S. 46 ɗan Japan mai cc 7.5. Salansar da ke zuwa da injin doguwa ce, ba ta shiga murfin hancin jirgi, shi ya sa ake musanya ta da 'yar gajeriya da ake kira Pitts, mai bututu biyu masu kallon ƙasa. Jirgi kam zai yi kyau, sai dai akwai abin lura.

Irin wannan injin ba shi da famfon mai. A jikin salansa akwai ɗan baki da ake jona siririn tiyo zuwa tanki, matsin hayaƙi ne ke tura mai har kafireta. Idan bututun biyu suka yi faɗi, hayaƙi zai fita a sake, matsin ya ragu. A ƙasa injin zai yi ta kuka lafiya lau, amma da jirgi ya ɗaga hanci sai mai ya gaza, injin ya ɗau zafi ya mutu a sama. Abin da ya fi damuna, man shafawa gauraye yake da methanol ɗin, wajen kashi 18 cikin 100, don haka in mai ya yi ƙaranci fistan ne ke ji a jikinsa.

Gwajin ba wuya. A buɗe wuta duka, a riƙe jirgin gam, hanci sama, na daƙiƙa goma, hannu nesa da farfela. In murya ta dushe, a sassauta allurar da ke daidaita shigar mai a kafireta, ƙas biyu ko uku. In bai gyaru ba, a toshe bututu ɗaya a sake gwadawa.

Sai notocin salansa. Girgiza na kwance su, a ƙara ɗaurewa bayan tashin farko tun injin na da ɗumi. Baƙin mai a mahaɗar salansa da injin alama ce alminiyam na gugar alminiyam. A wanke wurin, a shafa jan silikon mai jure zafi, kaɗan. Kada salansa ta taɓa murfi, kuma ƙofar fitar iskar sanyaya inji a jikin murfin ta ninka ta shigarta sau biyu zuwa uku, balle a zafin Afrilu.

Batun ƙara kuwa, a Birtaniya iyakar ƙarar irin waɗannan jirage ita ce desibel (ma'aunin ƙara) 82 daga nisan mita 7. Gajeriyar salansa ta fi doguwa ƙara, don haka a nemi fili nesa da gidaje da makarantu.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kaduna