Zuwa ga Auta, Kafin Tafiyarku Tamale

Assalamu alaikum.

Auta, da fatan kina lafiya, ya karatu, ya ƙoƙari? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi, ana ta jiran saukar ruwa. Saƙonki ya iso cewa makarantarku ta can Amurka za ta kai ku Gana aikin sa-kai na kiwon lafiya a hutun nan, mako uku a Tamale da ƙauyukan da ke kewaye. Ni da Abbanki mun tattauna, mun kuma amince, Allah Ya sa albarka. A waya kullum kina sauri, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, ki karanta a tsanake.

Bari in fara da lafiyar jikinki. Kada ki ce ke haihuwar Zariya ce, sauro ya san ki. Ɗan kariyar da jiki ke samu daga yawan cizo yana gushewa idan mutum ya daɗe a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, kuma lokacin da za ku isa damina ce a arewacin Gana. Ki sha maganin rigakafi kamar yadda Turawan ajinku za su sha. In Malarone aka ba ki, ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa; in doxycycline ne, sai kin ƙara mako 4. Gidan sauro kowane dare. Idan zazzaɓi ya kama ki bayan kin koma, ko da bayan watanni ne, abu na farko da za ki gaya wa likita shi ne kin je Afirka ta Yamma, don su can ba kasafai hankalinsu ke zuwa nan ba. Katinki na allurar shawara yana cikin akwatina, zan ba mai tafiya ya kawo miki, domin ana neman sa wajen shiga Gana. Ki duba ko kin cika alluran ciwon hanta. In kuwa allurar da aka yi wa mara lafiya ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki faɗa nan take, ban da kunya. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ke ɗaliba ce a can, ɗaliba ce kuma a Tamale. Jirgi ba ya ƙara wa mutum satifiket. Duk abin da ba a yarda ki yi ke kaɗai ba a asibitin koyarwarku, kada ki yi shi a ƙauye don kawai babu mai hana ki. Na yi shekaru a ɗakin haihuwa, na san yadda abin ke zuwa: layi ya yi tsawo, sista ɗaya ce, an ga kin zo daga waje da farar riga da abin aunawa a wuya, sai a ce, "Likita, zo ki duba wannan." Daɗin sunan zai shiga kanki. Wata a cikinku za ta so ta karɓi haihuwa ko ta yi ɗinki don ta samu labarin bayarwa in an koma. Matar da ke kwance tana naƙuda ba ta san cewa hannun da ke kanta bai taɓa yi ba, kuma in abu ya ɓaci bayan kun hau jirgi, sistar garin ce za ta tsaya gaban dangi. Ki ce, "Ni ɗaliba ce, bari in kira sista." Ki koya wa bakinki wannan tun yanzu.

Kada kuma ki ɗauka kun je koya musu aiki ne. Gana na da majalisarta ta nas-nas da ungozomomi mai ba da lasisi, tana da inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, Tamale kanta akwai asibitin koyarwa. A ƙauyuka za ki ga ƙananan gidajen lafiya da suke kira CHPS, tsarin da ya taso daga binciken da aka yi a garin Navrongo da ke arewacin ƙasar a shekarun 1990: nas tana zaune cikin mutane, tana hawa babur gida-gida, tana rigakafi da awon ciki da awon yara. Yankin nan da za ku je ya sha fama da kurkunu, amma tun 2010 ba a sake ganin sa a ƙasar ba, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar. Mutanen ƙauye ne suka yi ta tace ruwa, suna kai rahoton duk wanda ya fito masa. Don haka ki bi bayan nas ɗin nan, ki riƙe mata jaka. Ki kalli yadda take ɗaura tef ɗin awo mai launuka a damtsen yaro. In ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Ki kalli kuma yadda take gaya wa uwar ba tare da ta sa ta jin ta gaza ba. Wannan na biyun babu shi a littattafanku.

Akwai nauyin da zai hau kanki ke kaɗai a ajin. Yawancin mutanen Tamale Dagwamba ne, harshensu Dagbani, kada ki faɗa wa kowa da Hausa kamar kina Sabon Gari. Amma a zango da kasuwa, da wajen Fulani da baƙi, za ki ji Hausa sosai, kuma da malamanku sun gane haka kin zama tafinta. Tafinta amana ce. Abin da mara lafiya ta faɗa, shi za ki mayar, ba ragi ba ƙari, ko da kina ganin shirme ne. In ta ce ta sha jiƙo ko rubutu, ki faɗa da mutunci, kada ki yi dariyar nan ta neman shiga wajen baƙi. Sannan ki lura da wanda ke amsa tambaya. Sau da yawa za a shigo da yarinya kanta a sunkuye, uwar miji na gefe tana amsa komai: yaushe ya fara, sau nawa, ina ne ke ciwo. Mu abin da muke yi, mu ce, "Hajiya, don Allah a je a karɓo mana kati," ko a samo ruwa. Tana fita sai ki ga yarinyar ta ɗago, a cikin minti biyu ta faɗi ainihin abin da ya kawo ta. Abin da kika ji a nan kuwa ba na hirar dare ba ne a masaukinku. In an ce miki "to, to", ba lallai an gane ba. Ki sa ta maimaita miki yadda za ta sha maganin.

Maganar hoto: ki ajiye waya a jaka. A asibitinku na can, wanda ya ɗauki mara lafiya ya sa a Instagram ya san abin da zai same shi. Yaron ƙauye mai kumburin ciki shi ma ɗan wani ne. Ko uwar ta gyaɗa kai, ki tuna tana jiran magani daga hannunku, ba za ta iya cewa a'a ba. In ƙawayenki suka fara, ki yi musu magana a gefe, a hankali.

Na kuma ji kin ce kuna tara magunguna za ku tafi da su. Ki tambayi shugabarku ko asibitin ne ya rubuto abin da yake buƙata, kuma ku duba kwanan watan kowane kwali. Abin da ya fi damuna shi ne irin taron nan na kwana ɗaya, a auna jinin dattijo a ce yana da hawan jini, a ba shi ƙwayoyin wata guda, a tafi. Baƙo raɓa ne. Hawan jini kuwa sha ne na kullum. Duk wanda kuka gano, a rubuta sunansa a littafin nas ɗin garin, a ba shi irin maganin da zai iya samu a kusa bayan kun tafi.

Sauran kin san su. Ki yi gaisuwa kafin tambaya, ki rusuna wa manya, ki karɓa ki bayar da dama. Ki sa suturar da kike sawa a gida. Ruwan gora kawai, abinci kuma mai zafi. Za ki samu koko da ƙosai da tuwo, ba za ki yi kewa ba. Kada ki bar salla don kunyar abokan tafiya, Tamale garin masallatai ne. Ban yarda da hawa babur ba hular kwano ba, ko tafiyar dare a kan hanya. Abbanki ya ce in an ba ku ranar hutu ki nemi a kai ku Salaga, kasuwar da fatakenmu ke zuwa sarin goro a Gwanja tun zamanin jakuna, ki ɗauko masa hoton garin. Wannan hoton na yarda da shi.

Da kin sauka Akara ki sayi layi ki kira mu, ki kuma turo lambar malamar da ke jagorantarku. Goggonki tana tambaya ko za a bar ki ki biyo ta gida kafin ki koma, tunda da fasfonki na Najeriya ba ruwanki da biza; ki tambaya da wuri mu san yadda za a yi da tikiti. Yayyenki duk suna gaishe ki. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma