Masu karatu na tanƙwara labaran almara na intanet

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan labaran almara da ake sakewa babi-babi a intanet, irin na matsafa da dodanni da masarautun da babu su a taswirar duniya, da yadda mu masu karatu muke tanƙwara su ba tare da mun ankara ba.

Harkar ba ƙarama ba ce. Dandalin Qidian na ƙasar Sin ya fara tsarin biyan kuɗi kan kowane babi tun a 2003, Wattpad kuma da aka kafa a Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021. A irin wannan tsari marubuci ba ya gama littafi kafin ya fitar da shi. Yana rubutu yana jin ihun masu karatu a kunnensa, kuma yawan masu bibiyarsa shi ne abincinsa. Idan suka watse, shi ke nan.

Akwai wani labari da nake bi, wanda marubucinsa ya gina shi kan doka guda: duk wanda ya yi sihiri sai ya biya da wani abu daga cikin tunaninsa. Jarumar ta ceci garinsu daga annoba, washegari ta kasa tuna fuskar mahaifiyarta. Wannan doka ce ta sa kowane yaƙi yake da nauyi, don mai karatu ya san nasara ma asara ce. Da malaminta ya mutu a tsakiyar labarin, sai masu karatu suka yi ca a kan marubucin. Wasu suka ce ya ci amanarsu, wasu suka yi barazanar daina karatu, wasu suka zubar masa da maki a dandalin. Ba a jima ba sai ga malamin ya dawo da rai ta hanyar wani dutse da ba a taɓa ambatonsa ba, kuma babu wanda ya biya komai. Waɗanda suka yi ihun suka yi murna na ɗan lokaci, daga baya su ne dai suka koma ƙorafin labarin ya yi salam, ba sa jin tsoron mutuwar kowa.

Ba ina cewa mai karatu ya yi shiru ba ne. Na ga inda wani ya ankarar da marubuci cewa tafiyar da ya ce ta wata guda ce, a wani babin an yi ta cikin kwana biyu, marubucin ya gyara ya yi godiya. Wannan gyara ne na mai son labari. Amma tilasta wa marubuci ya janye baƙin cikin da ya shirya tun farko, don kawai zuciyarmu ta sosu a babin yau, wannan ɓata aiki ne, alhali ba mu san abin da ya tanada a babi hamsin na gaba ba.

Ina roƙon shafinku na adabi ya riƙa sharhin irin waɗannan labarai bayan an kammala kashi guda cikakke, ya kuma zanta da marubutansu kan matsin da suke sha daga masu karatu.

Naku,
Wani mai bibiyar shafin adabi