Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta masu aikin fasaha.

Zan fara da kuɗin wata tunda kowa ya san nan ne ciwon. Ko rabinmu ba su biya ba, wasu tun bayan ƙaramar sallah ba a sake jin ɗuriyarsu ba, amma da an saka hoton taro a guruf na WhatsApp su ne farkon turo alamar tafi. Na san tun da aka ƙara kuɗin data da kira a farkon shekara kowa na kuka, to ai ni ma da katina nake ta kiranku kuna kashe waya.

Shi ya sa littafin jagoran kare kai daga 'yan damfarar waya bai fito ba, kada wani ya zo taro yana cewa kwamiti ya yi barci. Babu kuɗin bugawa, sannan babi-babin da aka raba, waɗanda suka fi kowa iya rubuta manhaja su ne ba su kawo ko layi ɗaya ba. Shafinmu na intanet kuma ya sauka ne saboda ba a sabunta rajistar sunan ba, asusu babu komai.

Tarukan wata-wata an yi su, banda na azumi.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne bitar rubutu da muka yi albarkacin Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta. Daɗaɗɗiyar gardamar nan tamu, wai masu aikin fasaha sun iya rubutu ko ba su iya ba, ranar aka gwada ta a fili. Malamar Hausa da muka gayyato ta ce kowa ya rubuta gargaɗi a kan lambar sirri da BVN (lambar tantance mai asusun banki) cikin layi biyar, sannan ta sa aka kira maigadin wurin a karanta masa. Wlh an sha dariya, wani gwaninmu ya cika takarda da Ingausa, baba maigadi ya saurara har ƙarshe ya ce, "To yanzu in ba su lambar ne ko in hana?" Aka yi ta gyara har ya koma: banki ba zai taɓa kiranka ya nemi lambar sirrinka ba, wanda ya nema ɓarawo ne, kashe wayarka. Ni a ganina tsara tunani daki-daki mun iya shi, aikin ya koya mana, matsalarmu muna rubutu kamar abokin aiki ne zai karanta. Da yamma aka gyara maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, aka kuma nuna wa mutane inda ɓ, ɗ da ƙ suke a Gboard, allon rubutu na waya, ashe da yawa ba su sani ba.

Dan Allah wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, daga nan za mu karanta sunaye.

Sakatare